Yammacin Zamfara: Ambaliya a Agusta, Ƙishirwa a Maris

A safiyar Asabar, 14 ga Satumba, 2024, wani kwale-kwale da ya ɗauko manoma domin tsallakar da su gulbi zuwa gonakinsu ya kife a kusa da garin Gummi, inda gommai daga cikinsu suka riga mu gidan gaskiya. Makonni kaɗan kafin wannan rana, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya rushe gidaje ya shafe gonaki a wannan ƙaramar hukuma, ya bar dubban mutane babu matsuguni, har Gwamna Dauda Lawal ya je jaje da kansa. An yi ta'aziyya, an raba buhunan hatsi da tabarmi, an yi alkawura, sannan hankalin ƙasa ya koma Maiduguri, inda madatsar Alau ta ɓalle a cikin wannan mako. Da damina ta ɗauke, maganar ruwan Gummi ta ɗauke tare da ita.

Amma duk wanda ya san ƙasar nan ya san abin da ke biyo baya. Kafin a kai watan Maris, gulbin da ya ci mutane ya zama shimfiɗar rairayi, mata da yara suna tonon ramuka a cikinsa suna jiran ruwa ya tsattsafo su kwasa da ƙoƙo. Rijiyoyin ƙauye sun yi ƙasa, guga na dawowa da laka, 'yan ga-ruwa sun ƙara kuɗin jarka, makiyayi kuwa yana kora dabbobinsa daga wannan tafki zuwa wancan bisa jita-jitar cewa da sauran ruwa a can. Haka abin yake a Gummi, haka yake a Bukkuyum, a Anka kuwa sai dai a ce ya fi haka.

Wannan yanki ba hamada ba ne. A shekara mai kyau yana samun ruwan sama da ya kai wajen milimita 800 zuwa 1,000, wanda ya wuce abin da ƙasashe da dama masu noman alkama suke samu. Matsalar ita ce ruwan yana sauka ne cikin wata huɗu ko biyar, ya gangara Gulbin Zamfara da Gulbin Ka ya nufi Jihar Kebbi, ya faɗa Kogin Sakkwato, daga nan sai Neja. Abin da ya saura a tafkuna da kududdufai rana da iskar hunturu su shanye shi, domin a wannan sashe na ƙasar nan buɗaɗɗen ruwa yakan yi asarar zurfin mita 2 ko fiye a shekara ta hanyar tururi kaɗai. Saboda haka aikin da ke gaban hukuma shi ne ta san nawa ya sauka, ina ya bi, ina ya kwanta, kwana nawa ya yi kafin ya ƙafe. A ganinmu babu wata hukuma a Gusau ko a Abuja da za ta iya amsa waɗannan tambayoyi ƙauye bayan ƙauye a ƙananan hukumomin nan uku, alhali kuwa amsar mafi yawansu tana nan a ajiye, kyauta, ga duk mai kwamfuta da intanet.

Muna magana ne a kan hotunan da taurarin ɗan'adam ke ɗauka na doron ƙasa. Tun shekarar 1972 Amurka ke harba jerin taurarin da ake kira Landsat, kuma tun 2008 ta buɗe rumbun hotunansu ga kowa ba tare da biyan ko kwabo ba. Biyu daga cikinsu da ke aiki yanzu, wato Landsat 8 da aka harba a 2013 da Landsat 9 na 2021, suna wucewa ta kan Anka sau ɗaya a duk kwana 8 idan aka haɗa su. Tarayyar Turai ita ma tana da nata, masu suna Sentinel. Na biyu a jerinsu, wanda aka fara harbawa a 2015, yana ɗaukar hoton wuri guda duk kwana 5, kuma kowane ɗigo a hotonsa yana wakiltar fili mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi, ta yadda kududdufin da ya kai taku 50 ko 60 ba zai ɓuya masa ba. Yadda abin ke aiki ba tsafi ba ne. Akwai wani nau'in haske da idon mutum ba ya gani, wanda ruwa ke haɗiyewa, ɗanyen ganye kuwa ya mayar da shi sama da ƙarfi. A hoton da aka ɗauka da wannan haske, ruwa yakan fito baƙi wuluk, gonar albasa ta noman rani ta fito da haske, busasshiyar ƙasa ta tsaya a tsakani. Idan aka jera hotunan wata bayan wata, sai a ga tafki yana cika, yana raguwa, har ranar da ya ƙafe.

Mai karatu zai iya cewa ai da damina hadari ne ke rufe sama, kuma a lokacin ne aka fi bukatar ido. Gaskiya ne, shi ya sa tauraron Sentinel na farko, wanda aka soma harbawa a 2014, bai dogara da hasken rana ba. Yana aika saƙon rada ne zuwa ƙasa ya saurari abin da ya dawo, kuma wannan saƙo yana ratsa gajimare, dare da rana. Shimfiɗaɗɗen ruwa yakan kautar da saƙon gefe kamar yadda madubi ke kautar da haske, sai wurin ya fito baƙi a hoto. Da irin wannan hoto ake zana iyakar ambaliya a ƙasashen duniya cikin kwana ɗaya ko biyu da aukuwarta. Hotunan fadamar Gummi na Agusta da Satumban 2024 suna nan a rumbu, kamar yadda na shekarun da suka gabace su suke. Duk jami'in da ya ɗora su kan taswirar gari zai ga unguwannin da ruwa ke komawa duk bayan 'yan shekaru, zai ga inda bai kamata a sake yanka fuloti ba, zai kuma ga gonakin da ke zama tsibiri, waɗanda masu su ba su da hanyar isa gare su sai ta cunkusa kansu a kwale-kwale guda. Wanda ya ga wannan ba sai an gaya masa inda ake bukatar gada ko jirgi mai inji da rigunan ceto ba.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. An kafa Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa, NASRDA, a 1999. A ranar 27 ga Satumba, 2003, aka harba NigeriaSat-1 daga Plesetsk ta ƙasar Rasha, kuma masu dogon tunani za su tuna irin murnar da aka yi da jawaban da aka sha, cewa daga yau an gama da matsalar hangen fari da ambaliya da kwararowar hamada. Wannan tauraro ya yi aiki, har hotunansa suka taimaki Amurka lokacin guguwar Katrina a 2005. A ranar 17 ga Agusta, 2011, aka ƙara harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, na biyun ma injiniyoyinmu ne suka haɗa shi da hannunsu bayan horon da suka samu a Ingila. Akwai kuma cibiya ta musamman a Jos wadda aikinta ke nan, fassara hotunan sama. An ƙera NigeriaSat-2 ne domin ya yi shekara 7, wa'adin da ya cika tun 2018, kuma a 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da amincewa da samar da sababbin taurari 4. Ba mu ƙi ba. Ƙasa mai girman Nijeriya ta cancanci idonta na kanta. Sai dai muna tambaya: a cikin shekaru fiye da 20 da aka yi ana wannan hidima, taswira nawa ta isa teburin shugaban sashen ayyuka na Ƙaramar Hukumar Bukkuyum? Idan hoton da ake bayarwa kyauta ba a sauke shi ba, me zai sa a yarda cewa wanda za a kashe biliyoyin Naira a kansa zai isa Gwashi ko Nasarawar Burkullu?

Akwai dalili na musamman da ya sa wannan magana ta fi nauyi a yammacin Zamfara fiye da sauran wurare, kuma kowa ya san shi. Shekaru ke nan 'yan bindiga suka hana ma'aikacin gwamnati shiga ƙauyuka masu yawa na Anka da Bukkuyum. A farkon Janairun 2022 an yi wa ƙauyukan waɗannan ƙananan hukumomi biyu kisan gilla na kwanaki, wanda mazauna yankin suka ce ya ci rayuka kusan 200, ko da yake gwamnati ta faɗi adadin da bai kai haka ba. A Satumban 2021 an rufe layukan waya a faɗin jihar. Dubban 'yan gudun hijira sun tare a garin Anka, suna shan ruwan da da ma bai ishi 'yan gari ba. Injiniyan da aka ce ya je ya duba wata madatsar ƙasa a gefen dajin Gando zai rubuta rahotonsa ne daga ofis, kuma ba za mu ga laifinsa ba, domin rai ba a sayen sa a kasuwa. Tauraro kuwa ba a tare masa hanya, ba a neman kuɗin fansarsa. A halin da ake ciki shi kaɗai ne ma'aikacin da ke ziyartar kowane ƙauye na yankin duk mako. Idan ɗan kwangila ya ce ya gina madatsa ko ya yashe tafki a wurin da ya tabbata babu mai zuwa dubawa, hoton watan Oktoba zai nuna ko ruwa ya kwanta a wurin, na watan Fabrairu kuma ya nuna ko ya daɗe. Muna zargin wannan na cikin dalilan da suka sa wasu ba sa ɗokin maganar.

Sai batun rijiyar burtsatse, wadda ta zama tambarin ɗan siyasar karkara. Babu zaɓen da za a yi ba a yi alkawarinta ba, kuma babu ƙauyen da za ka shiga ba ka tarar da kan famfon da ya yi tsatsa awaki na kwana a gindinsa ba. Wasu sun mutu ne don rashin gyara, amma wasu tun ran gini aka yi kuskuren zane, domin an haƙa su inda mai gida ya nuna da sanda. Ƙasar Anka da babban sashe na Bukkuyum tana kan tsohon dutse ne mai tauri, irin wanda zinariya ke kwana a jijiyoyinsa. Irin wannan dutse ba ya riƙe ruwa sai a inda ya tsage ko ya ruɓe, ta yadda rijiya biyu da ke da tazarar taku 200 ɗaya za ta ba da ruwa ɗaya ta ba da ƙura. Yayin da aka nufi yamma wajen Gummi, ƙasa tana komawa ta yashi da tsakuwa da laka ta kwarin Sakkwato, wadda ke cikin babban rumbun ruwan ƙarƙashin ƙasa na Iullemmeden da muke tarayya a kansa da Nijar da Mali. Masana daga Amurka sun yi nazarin ruwan wannan kwari har suka wallafa sakamakonsu tun 1973. Ke nan tsarin haƙa da ya dace da Gummi ba lallai ya dace da Anka ba, ko da yake tsakanin garuruwan biyu bai wuce kilomita 90 a miƙe ba, kuma takardar kwangila guda ake rubuta wa duka biyun.

A nan hoton sama yana da amfani, amma wajibi ne a faɗi iyakarsa. Tsagar dutse mai tsawon kilomitoci takan bayyana daga sama kamar zare, wani lokaci ta hanyar korama da ta miƙe sak, wani lokaci ta jerin itatuwan da suka ƙi zubar da ganye a tsakiyar bazara, alamar saiwarsu ta taɓa danshi. Masani yakan yi amfani da waɗannan alamu ya rage faɗin wurin bincike daga dajin Allah zuwa 'yan wurare ƙalilan, sannan ya je da na'urar auna ƙasa ta lantarki ya tabbatar kafin a kawo injin haƙa. Tauraro ba ya ganin ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa. Ko taurarin GRACE, waɗanda Amurka da Jamus suka harba a 2002 suka kuma sabunta a 2018, masu auna ƙaruwa da raguwar ruwan ƙasa ta hanyar nauyinsa, suna ba da labarin yanki ne mai faɗin ɗaruruwan kilomitoci. Za su iya faɗin halin da kwarin Sakkwato ke ciki gaba ɗaya, amma ba su san rijiyar Bagega ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah: a 2013 an yi shelar gano wani makeken rumbun ruwa a ƙarƙashin yankin Turkana na ƙasar Kenya da taimakon hotunan rada, duniya ta ɗauka, aka ce ƙishirwar yankin ta ƙare. Da aka gwada ruwan babban rumbun a 2015, sai aka tarar gishirinsa ya yi yawa, ba ya shayuwa. Saboda haka duk ɗan kasuwar da zai zo Gusau da na'ura mai ƙyalli ya ce daga sama yake hango ruwa a ƙarƙashin dutse, a tambaye shi rijiya nawa ya haƙa, nawa ke aiki.

Ba za a yi maganar ruwa a Anka da Bukkuyum a tsallake gubar dalma ba. A watan Maris na 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa yara na mutuwa a ƙauyuka irin su 'Yargalma da Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Tungar Guru saboda dalmar da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Yara kimanin 400 suka rasu, dubbai suka kamu, kuma Bagega, wadda ta fi kowanne girma, sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta bayan dogon jan ƙafa wajen sakin kuɗi. Tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta zo a ƙarshen daminar 2010 ta auna ruwa, ta sami dalma mai yawa a kududdufan da ake wankin zinariya, waɗanda dabbobi ke sha, da kuma wasu rijiyoyi. Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar a Afrilun 2019, ta ɗage haramcin a Disambar 2024, kuma babu wanda zai rantse cewa a tsakanin nan an daina haƙa. Tauraro ba ya ganin dalma a cikin ruwa. Wannan aikin kwalba ne da ɗakin gwaji. Amma yana ganin sabon rami da tulin ƙasa, yana ganin kududdufin da launinsa ya sauya, kuma taswirar tudu da gangare da aka samo daga sama tana nuna inda ruwan da ya wanke wannan tuli zai bi idan damina ta sauka, da ƙauyen da ke ƙasa da shi. Hukumar da ba ta da kuɗin gwada kowace rijiya a ƙaramar hukuma za ta san guda 20 da ya kamata ta fara da su. Haka nan a batun amai da gudawa, wanda Zamfara ta kasance cikin jihohin da ya fi yi wa ɓarna a 2021: rijiyoyin da ambaliya ta shafe su ne na farko da ya kamata a zuba wa magani.

Akwai kuma makiyaya, waɗanda ba a cika tunawa da su ba idan ana rabon ruwa. Dattawan yankin, Hausawa da Fulani, sun yi ittifaƙi cewa daga cikin tushen wannan fitina akwai cinye burtali da mashaya da makiyaya da gonaki suka yi, da raba dazuzzuka ga masu hannu da shuni. Rumbun Landsat na ɗauke da hoton yankin tun daga shekarun 1980 a matakin da za a iya gane daji daga gona, kuma masana a Turai sun riga sun tace shi suka fitar da taswirar duk wani buɗaɗɗen ruwa na duniya daga 1984, kamar yadda shirin Digital Earth Africa da aka kafa a 2019 ya yi wa nahiyarmu. Wannan shaida ce da ba ta da dangi a gari, wadda majalisar Sarkin Zamfaran Anka ko ta Sarkin Mafaran Gummi za ta iya shimfiɗawa a gaban masu jayayya a kan ko wurin nan tafki ne a da, kuma a wace shekara aka nome shi. A ƙasar Mali, tun 2017 makiyayi yakan buga waya ya tambayi inda ciyawa da ruwa suka rage kafin ya tashi da garkensa, ta wani shiri mai suna Garbal da ke haɗa hoton tauraro da rahoton mutanen da ke wurin, kuma an faɗaɗa shi zuwa Burkina Faso da Nijar. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tana irin wannan sa ido a kan damina da makiyayar Sahel tun 1974. Maƙwabtanmu da muke yi wa kallon talakawa sun riga mu.

Sai dai a nan muna jan kunne. A ƙasar da ake yaƙi, taswirar da ta nuna tafkin da ya rage da ruwa a watan Afrilu makami ce. Za ta iya nuna wa ɓarawon shanu inda garke zai taru, za ta iya kuma sa a yi wa duk wanda aka gani a bakin ruwa kuɗin goro a ce ɗan bindiga ne, alhali mun sha ganin yadda kuskuren hari daga sama ke cin rayukan bayin Allah a Arewa. Don haka taswirar ambaliya da ta wuraren haƙa rijiya a manna su a bangon sakatariya kowa ya gani, amma bayanin mashayar dabbobi ya bi ta hannun sarakuna da arɗo-arɗo da shugabannin manoma, da sanin jami'an tsaro.

Me muke nema? Abu ne ƙarami idan aka gwada shi da kasafin kuɗin jiha. Muna kira ga Gwamnatin Jihar Zamfara da ta kafa ƙaramin ofishi a ƙarƙashin ma'aikatar da ke kula da ruwa, mai ma'aikata ƙwararru da ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, da kwamfutoci masu ƙarfi, da wutar sola, da intanet da ba ya yankewa. Ba ma jin kuɗin wannan zai kai na motocin rakiyar babban jami'i guda. Ba sai an ɗauko Bature ba: Jami'ar Tarayya ta Gusau da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suna yaye matasan da suka karanci labarin ƙasa da ilimin duwatsu, da yawansu suna zaune babu aiki, wasu sun rubuta kundin digirinsu a kan wannan fanni ya ƙare a kan kanta yana shan ƙura. Aikin farko na ofishin shi ne ƙidayar ruwan Anka da Bukkuyum da Gummi: kowane tafki, kowace madatsar ƙasa, kowace fadama, da watan da kowanne ke ƙafewa a shekaru 10 da suka wuce. Daga nan za a gane madatsar da yashi ya cike, da wadda aka gina ta da faɗi babu zurfi har rana ke shanye ta kafin azumin bazara, da kwarin da ya dace a tare. Kuɗin ma akwai inda za a nema, domin Zamfara na cikin jihohin Arewa 19 da shirin ACReSAL ya shafa, wanda Bankin Duniya ya amince masa da Dala miliyan 700 a Disambar 2021 domin farfaɗo da ƙasa da kula da magudanan ruwa, tana kuma cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa.

Wanda ya san tarihin Bakolori zai fahimci dalilin da ya sa muke nacewa a kan ƙananan ayyuka da aka gina bisa sani. An kammala wannan madatsa a kan Kogin Sakkwato kusa da Talatar Mafara a 1978, aka tashi dubban manoma, aka zubar da jini a 1980 lokacin da suka nemi diyya, fadamun da ke ƙasa da ita suka rasa ambaliyar da suke noman shinkafa da ita, kuma sai da aka shafe shekaru masu yawa kafin a waiwayi gyaran magudananta. Manoman fadamar Gummi da ke ban-ruwa da ƙananan injuna ba su bukatar wata Bakolori. Suna bukatar wanda zai gaya musu ko yawan injunan da ake dasawa a bakin gulbi ya fara fin ƙarfin ruwan da ke ƙarƙashin rairayi, kuma Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana da rumbu mai suna WaPOR tun 2017 da ke ƙiyasta ruwan da gonakin Afirka ke sha daga hoton sama, shi ma kyauta. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda wannan yanki ke ƙarƙashinta, ita ya kamata ta ja gaba a nan.

Amma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙiyasin tauraro ba ya inganta sai an gwada shi da awon ƙasa, kuma a nan ne muka fi rauni. Ma'aunin ruwan sama gwangwani ne mai lamba wanda malamin firamare zai iya karantawa kowace safiya ya aika ta waya. Ma'aunin gulbi sanda ce mai zane da ake kafawa a gindin gada. Idan aka kafa irinta a kan Gulbin Zamfara a ƙasar Anka da ta Bukkuyum, aka ɗora wa mutum guda alhakin karantawa ana biyansa a kan kari, mutanen Gummi za su sami labarin ruwan da ke tafe kafin ya iso su, abin da tauraron da ke wucewa bayan kwanaki ba zai iya yi shi kaɗai ba. Ƙananan hukumomin uku, waɗanda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, ba su da hujjar cewa wannan ya fi ƙarfinsu. Haka kuma kowace rijiyar burtsatse da aka haƙa da kuɗin jama'a, a wajabta wa ɗan kwangila ya miƙa takardar zurfinta da irin ƙasar da ya ratsa da yawan ruwan da ta bayar, har da wadda ba ta ba da ruwa ba, domin busasshiyar rijiya ma darasi ce ga mai haƙa ta gaba.

Saura isar da saƙo. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har tana fassara shi da Hausa, hukumar NIHSA kuma tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ambaliya ke yi wa barazana. Ana ƙaddamar da su a manyan otal-otal na Abuja, a yi hoto, a watse. Manomin da ke Gummi bai san da su ba, kuma ko ya sani, cewa "ƙaramar hukumarku na cikin haɗari" bai gaya masa ko ya kwashe buhunansa daga rumbu ba. Aikin ofishin da muke nema ne ya sauko da wannan hasashe zuwa sunan unguwa da sunan fadama, cikin Hausa da Fulatanci, ya bi ta gidan rediyon jiha da hakimai da dagatai da limaman Juma'a da sarkin ruwa na kowace mashiga. Muna kuma kira ga Majalisar Dokokin Jihar, musamman wakilan Anka da Bukkuyum da Gummi, da su sa sharaɗi a dokar kasafin kuɗi cewa ba za a saki kuɗin wata madatsa ko rijiyar burtsatse ba sai an haɗa takardar neman kuɗin da taswirar wurin da rahoton awon ƙasa, ba kuma za a biya kason ƙarshe na madatsa ba sai an ga hotonta da ruwa a ciki a watan Fabrairu. Taswirar ambaliyar Gummi ta 2024 kuwa aikin 'yan makonni ne ga wanda ya iya, kuma muna sa ran ganin ta manne a sakatariyar ƙaramar hukumar da fadar sarki kafin ruwan farko na watan Mayu.